Rasuwar Modem na Gidan Malam Sodangi

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da ya fi ƙarfin baki, Malam Sodangi, mai sayar da yadi a Ƙofar Dundaye, yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar tsohon modem na gidansa, na'urar da ke kawo musu intanet, wanda ya cika ranar Laraba da azahar bayan gajeriyar jinya.

Marigayin ya zo gidan ne domin Inna Atika, mahaifiyar Sodangi, wadda ta daina tashi. Ɗakinta ginin ƙasa ne mai kaurin bango, sabis ɗin waya ba ya shiga ko da wasa. Ta hanyar marigayin take ganin fuskar autanta Haruna, da ke kwance a asibiti a Masar. Modem ɗin bai taɓa ƙorafi ba. Iyakar maganarsa ɗan "ziii" idan an kawo wuta.

Bara Sodangi ya sayo sabuwar rawuta mai ƙahoni huɗu, mai raba intanet ga wayoyi. Mai haɗawa ya ce shugabanni biyu ba sa zama kan layi ɗaya, sai a mai da tsohon gada: ya karɓo intanet daga kebul, ya miƙa wa sabuwar, ya yi shiru. Ya karɓi wannan saukewa da haƙuri. Sunansa ya ɓace daga wayoyin gida, yabo duka ya koma kan mai ƙahoni, alhali ita ko gaisuwa ba ta iya kaiwa ƙofar gida sai da shi.

Wasila, matar gidan, da ta ga an daina kiran sunansa, ta ɗauka ritaya ya yi. Don girmamawa ta naɗe shi da sabon ɗankwali, wayoyinsa na jone, ta sa shi a kabad cikin kwanukan jerenta, ta rufe gilashi. A Afrilun Sakkwato! Ya yi ta zazzaɓi ba mai taɓa goshinsa, har ya tafi. Ranar ce Haruna ya yi ta kira don Inna ta sa masa albarka kafin a shiga da shi tiyata. Kiran bai shigo ba, Haruna kuma bai farka ba.

Marigayin ya bar rawuta ɗaya, mai ƙyafta fitilu a banza, da caja, da kebul a bango. Ya bar Sodangi, wanda ke kuka a zaure ya wanke fuska kafin ya shiga ciki.

Za a kai gawar rumfar masu gyara gobe da hantsi, ba sai an raka ba. Ana karɓar gaisuwa a zaure kawai, da murya ƙasa-ƙasa, domin ba a gaya wa Inna labarin Haruna ba tukuna. Ana jiran yayanta ya iso daga Wurno. Duk wanda ya shiga gaishe ta za ta tambaye shi, "Wai ba a gyara abin ga ba? Ina son ganin Haruna." Don Allah a ce mata ana kan gyara.