Rasuwar Gwaggo, Na'urar Wasan Yaya Tela

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, mai ɗinkin nan ta shagon kusurwa, wadda kowa ke kira Yaya Tela, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar na'urar wasan bidiyonta, wadda aka fi sani da Gwaggo. Ta cika ranar Lahadi da hantsi, a kan kantar da ke ƙarƙashin talabijin, bayan jinyar da ba ita ta jawo wa kanta ba.

Marigayiya mai haƙuri ce da kawaici. Ta shaƙi ƙurar yadi da guntayen zare ba ta taɓa ƙorafi ba. In an kunna ta, ɗil ɗaya take yi, sai fankarta ta ɗauki fuuu a hankali, kamar numfashin mai barci.

Ƙanin Yaya Tela ne ya bar mata ita lokacin da aikin jirgin ruwa ya ɗauke shi zuwa nesa. Dukansu biyu ba gwanayen hira ta waya ba ne. Daga "ya aiki" sai "lafiya lau", sai shiru. Amma a cikin wani wasan gine-gine da Gwaggo ke ɗauke da shi suna haɗuwa duk Lahadi, shi daga can, ita daga nan. A ciki suka sake gina gidan mahaifinsu, wanda aka rushe aka shimfiɗa titi a kansa. Sun gina ɗakin Baba, da rijiya, da katangar da ta karkace. Kan inda taga take sai da suka yi gardama har suka yi fushi, suka shirya. A tsakar gidan nan na ƙarya ya fara gaya mata ya ga wadda zai aura.

Ciwon ajali ya soma ne da kamfanin wasan ya fito da kashi na biyu. An ce an narka dukiya wajen yin sa, har gashin idon doki ana iya ƙirgawa. Sai dai ba ya hawa tsohuwar na'ura, kuma kuɗinsa da na sabuwar sun haura na keken ɗinki. In ka saya ma ba ka gama ba: ƙofa da kuɗinta, fenti da kuɗinsa. Tsohon wasan kuwa suka ɗora masa sabuntawa ta dole, wai don a kyautata wa masu wasa. Tun ranar Gwaggo ba ta ƙara lafiya ba. Jikinta ya yi zafi rau, fankar ta koma gurnani, katangar Baba ta riƙa maƙalewa a allo.

Yaya Tela ta kai kukanta zauren 'yan wasa na intanet, tana tambaya ko akwai dabarar ceto gidan. Wani ya ce, "Wa ya bai wa inna hannun wasa? Koma kan keke." Wani ya ce wanda ba shi da kuɗi ya je ya yi wasa da duwatsu. Waɗanda jiya suke rantsuwar ba za su sayi sabon ba saboda tsada, su ne suka fi kowa dariya, kowa ya saka hoton sabon da ya saya, a cikin kwalinsa. Mutum ɗaya ne ya tausaya, ya ce mata, "Yaya, gidan ba a na'urarki yake ba. Yana wurin kamfani, kuma ƙarshen wata za su rufe." Ashe haya take zaune ba ta sani ba.

Gwaggo ba ta ma kai ƙarshen watan ba. Yaya Tela na tsaye a ƙofar ɗakin Baba a cikin wasan, tana neman ɗaukar hotonsa da waya, Gwaggo ta yi ƙit, ƙit, ƙit, allo ya yi baƙi. Mai gyara ya buɗe cikinta, ya sunsuna, ya mayar da murfi ya ce, "Yaya, sai haƙuri."

Ta rasu ta bar hannun wasa biyu, ɗaya na jan hagu. Da faya-fayai cike da kwalin takalmi, marayu da babu mai riƙo. Da igiyar wuta wadda tuni rediyon shago ya gaje ta.

Za a kai gawa shagon mai gyara ranar Asabar da safe, inda zai cire abin da ke da sauran amfani, ragowar a miƙa wa mai sayen ƙarafa ya ɗora a sikeli. Ana karɓar ta'aziyya a shago, amma mai niyyar cewa "ai sai ki sayi sabuwa" ya yi zamansa a gida. Ƙanin mai makoki ba zai samu halarta ba. Ya aiko da gaisuwa, ya ce shi ya riga ya sayi sabuwar, kuma wallahi wasan ya yi kyau.