Kujerar Dutsen Ombongi

Duk ƙasar Kisii babu mutum kamar Mista Zabulon Ombongi, kuma shi ne farkon wanda zai tabbatar maka da haka. Tare muka yi makarantar mishan, inda aka taɓa ba shi riƙon ƙararrawa na zango ɗaya. Tun daga nan bai sake yarda a fara wani abu ba sai da izininsa. Yanzu shi ne shugaban ƙungiyar 'yan garinmu mazauna Mombasa, ko da yake bai taɓa zama a Mombasa ba. Muna kiransa Shugaba Har Abada. Yana amsawa.

Bana ya ga ya dace ƙungiya ta karrama shi. Da ƙungiya ta yi nawa, sai ya taimaka mata. Ya sa masassaƙan garin Tabaka suka sassaƙa shi da farin dutse, daga ƙirji zuwa sama, har da gashin da ya rabu da shi tuntuni. Ranar Asabar za a yaye wa dutsen mayafi a taron ƙungiya a Mombasa. Ranar Juma'a na raka shi filin jirgin Kisumu, shi da matarsa, Maman Kemunto, wadda 'yarta ta haihu a Mombasa, ba ta kuma ga jikan ba tukuna.

A zamaninmu, in za ka hau jirgin ƙasa a Kisumu, ka zo da gadonka da akuyarka, mai duba tikiti ya gaishe ka, ya tambayi lafiyar akuyar. Jiragen saman nan masu araha kuwa kilo goma sha biyar suke yarje maka, ko ruwan sha sai ka saya. Aka ɗora dutsen a sikeli. Kilo talatin da takwas.

"Baba, kayanka sun zarce," in ji yarinyar da ke awo. "Sai ka biya kuɗin ƙari, a sa shi a ƙasa tare da sauran kaya."

"Kaya?" Shugaba ya juya ya fuskanci mutanen layi, don ba ya magana da mutum ɗaya. "Jama'a, ku dubi goshin nan! Ku dubi hancin nan! 'Yata, wannan ba kaya ba ne, ni ne. Ni za ki jefa a tsakanin buhunan busasshen kifi? Ni da na taɓa yi wa gwamnan lardi tafinta?"

"To in kai ne, Baba, kujera za ka nema masa. Jirgi kuma ya cika."

Ya dubi matarsa da irin tausayin manya.

"Maman Kemunto, tarihi yana bukatar sadaukarwa. Jariri ba guduwa zai yi ba. Ki biyo mu a mota."

Ta gyara riƙon ƙullin garin kunun da za ta kai wa mai jego.

"Baban Kemunto, tikitina yana cikin rigata. In tarihi yana so, ya zo ya ɗauka."

Layi ya tuntsure da dariya. Wata mai kifi ta ce, "Baba, ka yi sauri, kifina ma yana da taro a Mombasa."

Yarinyar ta ce Zabulon Ombongi ɗaya ne a wurinsu, kujera ɗaya, sai su zaɓi wanda zai hau. Ta dubi hoton katinsa, ta dubi dutsen, ta dube shi, ta ƙara da cewa gaskiya dutsen ya fi kama da hoton. Shugaba ya ji daɗin maganar ƙwarai.

"Ni dole a jira ni," in ji shi. "Shi kuwa mayafi ake ɗinka masa, sai ya isa da wuri. Ku ba shi wajen taga."

Haka aka yi. Ƙarti biyu suka kai dutsen, aka ɗaura masa ɗamarar kujera. Shugaba ya tsaya bakin shinge yana ɗaga wa kansa hannu har jirgi ya shige gajimare, sannan ya nufi tashar mota. Motar ta lalace a garin Voi. Ya isa Mombasa da la'asar ɗin Asabar, ya tarar an yi taro, an ci abinci, ana tattara kujeru.

Na kira Maman Kemunto in yi mata barka, na tambayi yadda tafiya ta kasance.

"Ai Malam, tun da na yi aure ban taɓa jin daɗin tafiya haka ba. Daga Kisumu har Mombasa na faɗa wa Baban Kemunto duk abin da ke raina, bai katse ni ba ko sau ɗaya. Na riga na roƙi ƙungiya su riƙe wanda ya zo a mota, su bar mini wannan."