Ranar da Na Tura Teburin Inji da Yatsa Guda

Ko tsufa ya cinye mini hankali, ba zan taɓa mantawa da wata ranar kasuwar Filinge ba, ranar da na rungume surukina a bainar jama'a.

Ina da ɗan shagon walda a bayan kasuwa. A wata damina na sayo tsohon injin wasa ƙarafa daga wani atiliye, wato shagon aikin ƙarfe, da aka rufe a Yamai, irin wanda ake wasa bakin abin huda ƙarfe da haƙoran yanka da shi. Da aka sauke shi daga mota, duk tsatsa, taubashina Garba ya zagaya shi ya ce, "Wanga ai gawa ka sayo. Yaushe za a yi mai salla?"

Babbar cutar injin a teburinsa take. Teburin wani dogon ƙarfe ne mai nauyi da ake ɗaure abin wasawa a kansa, yana kai da komo a kan ƙananan ƙwallayen ƙarfe da muke kira bil. Idan ka tura shi sai ya cije, ya yi ƙara, ya zabura kamar jaki mai gardama. Na kwance ɗan ƙarfen da ke tare shi a ƙarshen hanya, muka ɗaga teburin ni da Garba. Tsofaffin bil ɗin duk sun cinye, wasu ma sun zama kamar ɓarin goro. Na wanke hanyarsu da kananzir, na goge tsatsar, na yi saƙon sababbi wurin direban motar Yamai. Da suka iso na jera su ɗaya bayan ɗaya, na shafe su da giris, muka mayar da tebur. Wallahi sai ya riƙa sulalewa kamar kwalekwale a ruwa. Daɗi ya kwashe ni, na bar ɗan ƙarfen tarewar nan a kan benci, na fita neman masu kallo.

(Ni mutum ne da idan na iya abu, sai bakina ya riga hannuna gamawa.)

Washegari kasuwa ta ci. Na tara maƙera da masu gyaran babur a shago, ina ta bayani. Ana cikin haka sai ga mahaifin matata ya shigo da sallama, daga Bonkuku yake, cikin farar babbar riga, riƙe da ƙwarya cike da ƙwan zabi da zai kai wa jikokinsa. Dattijo ne mai ƙarancin magana, tun da na auri ƴarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba. Na durƙusa na gaishe shi, na ba shi kujera a gefen injin. Ya ajiye ƙwaryar a ƙasa.

"An ce ka tada matacce," in ji shi.

Garba ya yi caraf ya ce, "Baba, cewa ya yi da yatsa guda teburin ga ke tahiya. Mu dai ba mu gani ba."

Da ina da wayo, da na yi murmushi na kawo ruwa. Maimakon haka sai na ɗaga yatsa sama don kowa ya shaida, na ɗora a gefen tebur, na ingiza har da ɗan juya kai gefe irin na gwanaye.

Tebur ya tafi. Ya kai inda ya kamata ya tsaya, bai tsaya ba. Ina kallo ya wuce, ya leƙa, ya kifa a kan ƙwaryar ƙwai. Bil suka watsu a kan siminti ko'ina.

Na zabura don in ga ko ƙafar dattijon ta tsira. Taku na farko na ɗora dugadugi a kan bil. Ƙafafuna suka yi gaba suka bar ni, na kai hannu neman abin kamawa, abin da ya zo hannuna shi ne wuyan surukina, wanda ya miƙe tsaye daidai lokacin. Muka zube tare cikin ƙwai, ni a sama, hancina a gemunsa, tafukana biyu na giris a kan farar riga.

Garba kawai nake ji a bakin ƙofa yana wani irin tari.

Dattijo ya ɗan ture ni, ya zauna, ya share gwaiduwa daga hularsa, ya dubi tebur a ƙasa ya ce, "Lalle shina tahiya da yatsa guda. To da mi shika tsayawa?"

Nan kowa ya fashe. Ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata, sai na duƙufa tsintar bil da rarrafe ina cewa, "Sannu Baba, sannu Baba," kamar mai lazimi. Shi da kansa ya zaro mini guda biyu daga cikin takalminsa.

Kafin in kai gida labari ya riga ni. Na tarar da matata Hadiza tana wanke rigar mahaifinta, ba ta ɗago ba ta ce, "Ashe haka kuke son juna kai da Baba, kuke ɓoye mini?"

Allah ya taimake ni tebur bai tsage ba, injin yana aiki har yau. Sai dai daga Filinge har Damana ba mai kirana da sunan yanka, Yatsa Guda ake ce mini. Abin da na koya kuwa, idan ka gyara abu ya iya gudu, ka fara ɗaura masa birki kafin ka kira ƴan kallo. Bakinka ma haka.