Rasuwar Mai Sanƙo a Kogin Shurga

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma har yanzu ba ta daina tafasa ba, ni Yanjin, ungozomar kwarin Shurga, nake sanar da 'yan uwa, da makiyayan tudu da na gangare, da duk wanda aka haifa a hannuna, rasuwar motarmu ta ɗaukar marasa lafiya, wadda kowa ya sani da Mai Sanƙo. Ta rasu ranar Talata da rana tsaka, a tsakiyar kogi, ruwa har ƙofa, tana da shekara ashirin da shida a duniya, goma sha uku daga ciki a hannunmu. Lafiyarta ƙalau ta tashi a ranar. Mutum huɗu ne suka kashe ta, kuma ɗaya daga cikinsu mijina ne, Damba, direbanta.

Marigayiya ta tafi ta bar aiki a gabanta. Lham, matar Gombo mai tumaki, cikinta ya shiga wata tara, haihuwar fari, kuma ɗan ya kwanta a gicciye. Na lalluba, na juya, ya ƙi juyuwa. Irin wannan sai wuƙar likita a asibitin lardi, kuma tsakaninmu da shi kilomita ɗari da arba'in ne da tsauni biyu. Alhamis muka tsayar za mu tafi, kafin dusar ƙanƙara ta toshe hanyar tsauni. Har mai an zuba mata.

An haifi marigayiya a wani tsibiri mai nisa inda ake yawan ruwan sama, shi ya sa sitiyarinta yake dama. Ta zo mana ne ta wannan gasa da Turawa ke yi duk bazara, su kwaso tsofaffin motoci su ratsa rabin duniya suna tara taimako. Mata biyu ne suka tuƙo ta, ma'aikatan jinya, fuskokinsu duk sun saluɓe da rana. A hanya wata gajeriyar gada ta kankare mata fentin kai, muka gani muka raɗa mata suna. Suka danƙa mini makulli, suka rungume ta suna kuka, suka hau bayan motar ulu suka tafi. Don haka kada wani ya ce Yanjin ta tsani 'yan gasa. Na san na kirkinsu, kuma na ci moriyarsu shekara goma sha uku.

Marigayiya mai haƙuri ce, mai juriya, ba ta da zaɓen fasinja. Ta ɗauki mai naƙuda, ta ɗauki wanda doki ya kayar, ta ɗauki gawa, ta ɗauki ɗan maraƙi da ya karye. A sanyin da yawu ke daskarewa kafin ya kai ƙasa, abin da take nema kawai a hura mata wutar kashin shanu a ƙarƙashin ciki. Sai ta yi kuɗu, kuɗu, kuɗu, ta yi shiru kamar ta fasa, sannan ta ce tuf, ta kama. Jiniyarta ta dishe tun shekara ta biyu, amma karnukan kwarin nan sun santa, ba sa ko ɗaga kai. Ba ta taɓa wuce tulin duwatsun da muke girmamawa a kan tsauni ba tare da ta yi gaisuwa da hon sau uku ba. Yara tara aka haifa a cikinta, duka suna raye. Aibinta biyu ne, ba zan ɓoye ba: ƙofar baya sai an ɗaure da igiyar dabaibayi, giyar baya kuma sai da hannu biyu.

Ga yadda ajalinta ya zo, kuma ina so a karanta wannan da ƙarfi.

Da safiyar Talata Damba yana dawowa daga shan mai, sai ya tarar da wata 'yar ƙaramar mota ruwan ɗorawa ta kafe a kogi, ƙarti uku na zaune a kanta. 'Yan gasar bana ne. Ɗaya sanye da rigar wasa mai siffar kaza, har da tukku. Inda kogi ya tsuke ya yi luf suka shiga, wai nan ya fi kusa. Ko ɗan akuya a kwarin nan ya san ana ƙetarewa ne inda ruwa ya baje yana tsalle kan tsakuwa. To, ba a wuce wanda ya maƙale a daji, wannan ba sai an faɗa ba, kuma a nan ban ga laifin Damba ba. Ya yi abin da ya dace. Ya cire bel ɗin fanka don kada ta watsa wa inji ruwa, ya tsaya bakin gaɓa, ya jefa doguwar igiya, marigayiya ta yi nishi ɗaya ta fito da su.

Ya kawo su gida. Ni da hannuna na zuba musu shayi mai madara da gishiri, na ajiye musu busasshen cuku da man shanu, na shanya musu safa a jikin murhu. A ƙofar motarsu akwai hoton uwa rungume da jariri, wayarsu mai fassara ta ce min taimakon mata masu haihuwa suke tarawa. Har na ji sun kwanta min a rai, kun ji wauta. Na bar su suna ɗumama ƙafa, na hau doki na tafi duba Lham.

Ashe bayan fitata Mai Rigar Kaza ya duba na'urar ɗaukar hotonsa ya ga ba ta ɗauki komai ba. Babu hoto, mutanen ƙasarsu ba za su gani su ba da taimako ba. Sai suka roƙi Damba a sake. A sake! Da hannunsu suka tura motarsu cikin kogi, wurin da aka fito da ita. Suka ce wannan karon Mai Sanƙo ta shigo cikin ruwan, jiniya na kuka, don abin ya yi kyau a ido. Shi kuma tsohon banzan nan, mai shekara hamsin da takwas, wanda ya riga ya mayar da bel ɗin fanka, kunya ta hana shi cewa su jira ya sake cirewa. Ya kunna jiniya ya faɗa.

Waɗanda suka gani daga tudu sun ce ta yi tafiyar taku goma. Fanka ta kwashi ruwa, inji ya shaƙa. Ta yi kuɗu sau ɗaya, wani abu ya ce ƙas a cikinta, jiniya ta ja wani siririn kuka ta ɗauke. Sambu bakanike ya zo da shanunsa masu gashi guda huɗu suka jawo motocin biyu. Ta Turawa, da aka busar mata da fulogi, ta tashi garau. Tamu kuwa ƙarfe ya fasa cikin injin ya leƙo waje, Sambu ya sa yatsa uku a ramin ya cire hularsa. Ya ce irin injinta babu shi a ƙasar nan kaf.

Da na dawo na tarar da ita a bakin gaɓa ruwa na zuba ta ƙofofi, na tambayi Damba ko hankalinsa ya bi kogi ne. Bai iya kallona ba.

Ya ce, "Tsohuwa, sun sha shayinmu. Da wane baki zan ce musu a'a?"

Na ce, "Da bakin da za ka je ka gaya wa Gombo yanzu."

Ban tsaya zagi ba a lokacin, don ina da buƙata. Na kama hannun Mai Rigar Kaza na kai shi ƙofar motarsu, na nuna masa hoton uwa da jariri, na nuna masa hanyar gidan Lham. Na ce su sauke tayoyi da jarkokin da suka cika bayan motar, su kai ta asibiti, kwana ɗaya zuwa, kwana ɗaya dawowa. Suka haɗa kai suka yi ƙus-ƙus. Ɗayansu har da hawaye, wannan kam na shaide shi. Sannan wayar ta ce min, da muryar mace mai ladabi, suna matuƙar baƙin ciki, amma asibiti yamma yake su kuma gabas suka nufa, ranar Asabar ake rufe gasa. Suka manna wa gawar takardar gasarsu a gilashi, suka bai wa Damba hular rana, suka ɗaga mana babban yatsa. Na yi shekara talatin ina karɓar haihuwa, ban taɓa jin ina son shaƙe ɗan wani ba sai ranar.

Na nemi wata motar, kada a ce ban nema ba. Manyan motocin kwarin duk sun tafi kai tumaki kasuwar kaka. Ta Sambu tana kan duwatsu ba giya tun bara. Motar asibitin lardi tana can wani kwarin, sun ce sai mako na sama. Gombo ya ce zai goya Lham a babur, na ce sai dai ya bi ta kaina.

Marigayiya ta rasu ta bar safayar taya ɗaya mai faci shida, da jak, da batir mai sauran rai, da gadon marasa lafiya, da yara tara, babbansu yana aji shida. Ta bar ni. Ta bar Lham da abin da ke cikinta. Ta kuma bar direbanta, wanda tun ranar yake kwana a rumbun sirdi, kuma zai ci gaba da kwana a can.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a da fitowar rana, a kan tudun da ke kallon mashigi, inda shanun Sambu za su ja ta. Lama, malamin addininmu, ya yarda zai zo ya ƙona turare, ko da yake ya ce bai taɓa yi wa mota karatu ba. Za a yayyafa mata madara a tayoyi huɗu kamar yadda ake yi mata kafin kowace tafiya, a ɗaura mata shuɗin ƙyalle a madubi, a juya fuskarta arewa. Yaran nan tara za su zagaya ta sau uku. Damba ne zai kankare takardar gasar daga gilashi, da farcensa, a gaban kowa. Hular kuma na riga na sa ta a murhu.

Ba za a yi zaman makoki ba, kuma kada kowa ya kawo min nonon goɗiya ko kalmar haƙuri. Mai mota, ko wace iri ce, ko ɗan uwan mai mota, ko wanda ya san inda mota take kwana, shi nake gayyata, ya zo da ita da mai a ciki.

In babu, da an gama za a kwance gadon marigayiya a ɗaure shi kan amalanken shanu, a shimfiɗa fatu, a kwantar da Lham. Kwana biyu ne zuwa babban titi, in sama ta riƙe dusarta, in ɗan kuma ya yi haƙuri. Gombo zai ja shanun, ni zan bi a ƙasa da jakata. Jiya ta riƙe min hannu ta ce, "Yaya Yanjin, amalanken yana jijjiga sosai?" Na ce mata a'a. Ƙarya na yi mata, kuma ta sani.

Hanyarmu ta mashigi za ta bi, inda ruwa ya baje. Duk ɗan gasar da ya rage a baya, mai son hoton matan da yake taimako, ya zo ya tsaya nan ranar Juma'a da hantsi. Ya duba na'urarsa da kyau tun kafin mu iso, don Lham sau ɗaya za ta wuce.