Sallau Injiniya da Fitilun Hajiya Laure

Wani mutum ne a unguwarmu, Sallau, shi ya raɗa wa kansa Injiniya. Ko fis ɗin lantarki ba mu taɓa ganin ya canza ba, amma in ya baje a teburin mai shayi sai ka rantse shi ya ja wa Abuja wuta. Baki ne kawai, hannun nan ko ƙusa bai iya bugawa a miƙe ba.

To, Sallau ya ƙyalla ido kan wata bazawara, Hajiya Laure, mai gidan kanta, falo ya sha silin POP. Magana har ta yi nisa, an sa ranar da baffanta Manu zai zo daga Gumel ya ga mutumin da idonsa kafin ya ba da ita.

Ana gab da zuwansa Hajiya ta yi ƙorafin fitilun silin. Tsofaffin ƙananan ƙwayayen nan ne masu zafi kamar murhu, ga shan wuta. Ta ce za ta kira mai gyara ya sa mata ƙwayayen zamani na LED. Sallau ya dafe ƙirji.

"Hajiya, ina raye ki kira wani? Wannan ai ko ido rufe."

Bai tashi aikin ba sai ranar zuwan Baffa da hantsi, don a tarar da shi yana bajinta. Ya iso da ƙwayaye a leda da tsanin aro. Ya ciccire tsofaffi, ya cusa sababbi, ya danna makunni yana hura hanci. Fal, suka kama. Sai ɓat. Fal. Ɓat. Falo ya koma gidan rawa, ga wani zzzz yana tashi daga sama.

Ya ce sabawa suke yi. Ba su saba ba. Ya ce wutar ce ba ƙarfi, aka tayar da janareta, suka ƙara ƙaimi. Ya ɗora wa mai waldan bayan layi laifi, alhali bawan Allah ko shago bai buɗe ba. Hajiya dai ta naɗe hannu tana kallon agogo.

Gogan naka ya sulale soro ya buga wa wanda ya sayar masa da ƙwayayen. Mai shago ya ce tsofaffin suna da 'yar taransifoma a cikin silin, ita ce ba ta jituwa da sababbin, sai an canza ta, kuma ya nemi mai aikin wuta. Wannan na ƙarshen bai shiga kunnen Sallau ba. Ya dawo yana buɗa kafaɗa, wai tun shigowarsa ya gano cutar, gwada ƙwayayen kawai yake yi.

Ya kafa tsani ya shige silin. Duk mai hawa silin ya san katako ake takawa. Sallau kuwa ya haska waya, ya ga fili shimfiɗe, ya ɗauka daɓen siminti ne.

Yana can yana rarrafe cikin kashin ɓera sai ga sallamar Baffa Manu da mutanensa. Aka zaunar da su, aka kawo fura, fitilu na ta ƙifta musu ido. Hajiya kamar ta nutse don kunya. Baffa ya tambaya ina mutumin. Ta ce yana sama. Baffa ya dubi mutanensa, don ya ga gidan ba bene ba ne.

Da Sallau ya ji ana cigiyarsa, sai ya miƙe wuf don ya sauko a gan shi cikin kamala. Taku ɗaya ya yi. Ɓurum! Silin ya ɓurma, farar ƙura ta turnuƙe falo, ƙafa guda ta zuro har cinya saitin kan Baffa, tana wutsil-wutsil. Silifas ya faɗo tsulum cikin kwanon fura.

Kowa ya ɗaga kai. Can aka ji wata 'yar siririyar murya daga sama.

"Sannunku da zuwa, Baffa. Ya hanya?"

Baffa Manu ya cire hula ya kakkaɓe. Ya ƙare wa ƙafar kallo tun daga kaushin dunduniya har gwiwa, sannan ya laluɓo sandarsa ya miƙe.

"Laure, mun ga ƙafa, ta ishe mu. Sauran ki bar shi a can."