Ranar da Na Raba wa Alhaji Waƙarsa Gida Biyu

Ba zan taɓa mantawa da bikin ɗan Alhaji Mamman na Kurfi ba, ko da kuwa na so in manta. Lokacin ina koyar da kimiyya a Dutsin-Ma, ina kuma neman auren 'yarsa Binta. Alhaji bai ce e ba, bai ce a'a ba, kullum sai dai "muna dubawa". Wata shida ana dubawa, ni kuwa duk na rame.

Sai ga dama ta faɗo. Alhaji ya sayo bidiyo, yana son na'urar sauti da za ta yi masa fim, ta kuma yi kiɗan kaset da daɗi. Ya ce tunda ni ne ɗan boko, in zaɓo. Ranar ko abincin kirki ban ci ba. Kwana uku ina zarya a shagon kayan lantarki, ina murɗa wannan ina ƙwanƙwasa wancan, har mai shago ya daina amsa sallamata. Na zaɓi wata mai sifika biyu. Da fim ɗin faɗa kawai na gwada ta, na ji naushi na tashi a kowace sifika daidai wa daida, na ce shi ke nan. (Kaset ɗin waƙa yana aljihuna, ban saka ba. Wai ni gwani.)

Ranar biki bayan la'asar, maza na ƙofar gida bisa tabarmi, mata na ciki. Sai dabara ta zo mini: sifika biyu, taro biyu. Na ja waya ta zaure na kai wa mata ɗaya, na bar wa maza ɗaya. Har ina yi wa mutane bayanin sitiriyo, wato irin wannan na'ura mai sifika biyu, alhali iyakar sanina da ita sunanta.

Alhaji ya fito da kaset ɗin da wani mawaƙi ya yi masa a Kano, wanda ya ɓoye musamman don wannan rana. Kalangu ya tashi, 'yan amshi suka karɓa. Alhaji ya gyara zaman hula ya ce wa baƙi su saurara, yanzu za a ambaci kakanninsa. Aka kasa kunne. Kalangu dai, sai 'yan amshi suna amsa wa wanda babu shi. Na murɗa nan, na murɗa can, na tashi na zauna na sake tashi.

Nan fa na tafka babbar katoɓara. Na ce, "Alhaji, mawaƙin nan ya cuce ku, bai sa muryarsa ba."

Ban rufe baki ba Hajiya matarsa ta aiko daga ciki, wai a zo a kashe abin nan, wani ƙato na ta kwarara kirarin Alhaji a tsakar gida ba kiɗa, mata sun rasa abin takawa.

Mista Sunday, makanikin da ke kula da janareta, ya taso. Ya nemi izini, aka miƙo masa sifikar mata, ya ajiye ta kusa da 'yar'uwarta. Waƙa ta haɗu cif, murya da kiɗa. Ashe murya ta sifika ɗaya take fita, kiɗa ta ɗayar. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Daga cikin gida na jiyo wata dariya, kuma na san mai ita.

Alhaji ya dube ni ya ce, "Malam, ashe mawaƙin yana wajen mata."

Ya ba ni Binta daga baya, ina jin don tausayi. Amma har ya koma ga Allah, in na kawo shawara sai ya saurara tsaf, sannan ya ce a leƙa cikin gida a ji ɗaya rabin. Tun daga ranar, duk abin da aka ce yana aiki biyu, biyun nake gwadawa kafin in buɗe baki.