Yadda Za Ka Sayar da Tsohon Injin Yankan Dutse Ba Tare da Ka Yi Ƙarya Ba

Ɗan'uwa dillalin injina, bi matakan nan daki-daki. Na yi maka alkawari, kafin mako ya zagayo tsohon injin da ya tare maka bayan shago zai sami mai saye, bakinka kuma bai furta ƙarya ko ɗaya ba. Yayana ya gwada, ina tsaye.

1. Fenti

Kankare tsatsa, ka shafa kore. Idan faifan yankan yana da tsaga siririya kamar gashi, bi ta kanta sau biyu. Fenti ba ya magana, saboda haka ba ya ƙarya. Na daɗe ina neman inda laifin yake zaune, a gwangwani ko a buroshi, ban gano ba.

2. Maƙwabta

Jera shi tsakanin sababbi biyu masu leda. Ba kai ka ce sabo ne ba.

3. Amsa

Mai masana'anta zai zo ya zagaya shi, ya ce, "Dillali, wannan ya taɓa aiki kuwa?"

Ka ce, "Yallaɓai, dubi fentin nan mana!" Ka jawo masa kujera.

4. Sifana

A nan ake gane gwani. Wanda ya daɗe a sana'a sai ya ciro sifana ya ƙwanƙwasa faifan. Lafiyayye yana amsawa kamar ƙararrawa, mai tsaga kuwa kamar an bugi jiƙaƙƙen katako. Da ka ga hannunsa ya nufi aljihu, sa a tayar da janareto. Ba ka hana shi saurare ba, wuta kawai ka kawo.

5. Kada ka tambayi wanda zai yi aiki da shi

Nan yaya ya yi kuskure. An ɗora inji a mota, an ɗaure, sai neman hira ya sa ya tambaya wa zai riƙa aiki da shi.

Mai masana'anta ya ce, "Au, bai gaya maka ba? Mijin 'yarka na ɗauka aiki. Shi ya turo ni ma, wai Baba ba ya cutar mutum."

Faifai mai tsaga idan ya tarwatse yana cikin gudu, fuskar da ta fi kusa yake nema.

6. Saukewa

Yaya ya juya ya dubi faifan. Can ya kashe janareto, ya hau bayan motar, ya ce, "Yallaɓai, ara mini sifanar nan." Shi da kansa ya buga faifan. Kowa ya ji.

Mai masana'anta ya karɓi sifanarsa, ya goge ta, ya ce, "To. A kwance igiya."

Injin yana nan bayan shago har yau, kore shar. Mutane suna yabon yaya. Ni kuwa abin da nake ta juyawa shi ne, da mijin 'yar wani ne fa?

Gargaɗi: duk abin da ya sami ido, yatsa ko zumuncin wanda ya bi matakan nan, babu ruwan marubuci. Shi dai igiyar janareto kawai ya ja, ita ma sai da aka ce ya ja.